Daga Ina Mugunta Ta Fito?

An shirya wannan darasi domin a karanta shi a taron ƙungiya bayan kaka, sa'ad da a ke zaman lissafin rancen taki da iri. Kafin a fara, wani mai murya ya karanta Farawa sura 3 da sura 4 a hankali, domin tsofaffi da waɗanda ba su yi makaranta ba su ji da kunnensu. Idan lokaci ya ƙure, a raba darasin zama biyu.

'Yan'uwa manoma, kowace shekara idan muka zaga ƙungiyoyinmu na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, kuka ɗaya mu ke ji. Da farkon damina an raba taki cikin murna, an buɗe da addu'a, an rufe da addu'a. Da kaka ta yi sai magana ta sake. Wani ya sayar da nasa takin a kasuwa tun makon da ya karɓa, gonarsa ba ta ga ko mudu ɗaya ba. Wani ya kawo biya, amma masarar da ke bakin buhu dabam, wadda ke ƙasa dabam. Wani kuma ya daina zuwa taro, har ya sake wurin zama a majami'a domin kada su haɗa ido da ma'aji. Waɗannan mutane ba baƙi ba ne. Da su mu ke waƙa ranar Lahadi, da su mu ke cin Jibin Ubangiji.

Idan abu irin wannan ya faru, kowa da amsar da ya kan bayar. Wani ya ce haka Allah ya so. Wani ya ce aikin Shaiɗan ne. Wani kuwa ya rage murya ya ce an sa wa ƙungiya hannu. Ku lura da abin da kowace amsa ta kan haifa. Wanda ya ce Allah ne ya so, ya naɗe hannu ke nan, ba ya ƙara tambaya. Wanda ya ce Shaiɗan ne, ya kan kira kwanan addu'a, amma littafin kuɗi yana nan a rufe ba wanda ya buɗe. Wanda ya ce sa hannu ne, kafin wata ya zagayo za ku ji an fara nuna wata tsohuwa da baki a unguwa. Saboda haka tambayar nan, daga ina mugunta ta fito, ba ta malaman makarantar Baibul kaɗai ba ce. Amsar da muka riƙe ita ce za ta nuna yadda za mu kama sha'anin ƙungiya.

Allah bai halicci mugunta ba

Littafin Farawa ya buɗe da labarin halitta. Sau da sau marubucin yana faɗa mana Allah ya dubi abin da ya yi ya ga yana da kyau, kuma da aikin ya kammala, a sura 1 aya 31, hukuncin da aka yanke a kan dukan halitta shi ne tana da kyau ƙwarai. Ƙasa, ruwa, tsiro, dabba, jikin mutum da cikinsa da ke neman abinci, duka a ciki. Har noma ma yana cikin kyawawan abubuwan nan, gama a sura 2 aya 15 an sa Adamu cikin gona ya yi aikinta ya kuma tsare ta tun bai yi zunubi ba. Masu cewa noma la'ana ce ba su karanta da kyau ba. Abin da ya shigo daga baya shi ne ƙaya da sarƙaƙiya da wahalar da ba ta biyan gumi. Manzo Yakubu kuma, a sura 1 aya 13, ya hana kowa ya ɗora wa Allah laifin jarabar da ta same shi, domin Allah ba ya jan kowa zuwa ga mugunta.

To, idan Allah ne ya yi kome, kuma bai yi mugunta ba, wa ya yi ta? Wannan tambaya ta daɗe tana damun masu tunani. Ɗaya daga cikinsu ɗan Afirka ne, Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a ƙasar da yanzu a ke kira Aljeriya, ya zama bishop na garin Hippo, ya rasu a 430. Yana saurayi ya shiga wata ɗariƙa ta mabiyan Mani, ya yi kamar shekara tara a cikinta. Su sun koyar da cewa ikoki biyu ne tun fil azal, na haske da na duhu, suna ta kokawa, mutum kuwa filin kokawar ne kawai. Koyarwar tana da daɗin ji, gama tana wanke mutum tas: ba ni na yi ba, duhun da ke cikina ne ya yi. Daga baya Agustin ya watsar da ita. Ya gane mugunta ba wata halitta ba ce mai tsayawa da ƙafafunta. Lalacewar abu mai kyau ce.

Mu manoma ba za mu sha wuyar gane wannan ba. Ku ɗauki buhu mai huji. Buhun abu ne, an saƙa shi, an saye shi da kuɗi. Hujin fa? Ba wanda ya taɓa ɗaukar huji shi kaɗai ya kai kasuwar Makarfi. Ba shi da zaman kansa, sai a jikin buhu. Duk da haka kada wani ya ce ba kome ba ne, gama ta nan masara ta kan zube tun daga gona har gida. Haka ƙarya ta ke: sai da harshe, wanda kyauta ce mai kyau, da kuma amincewar mai sauraro, wadda ita ma abu ne mai kyau. Ma'ajin da ya ci kuɗin ƙungiya da amanar da muka ba shi ya ci. Da ba mu yarda da shi ba, da bai sami abin ci ba.

Akwai misalin da ya fi wannan kusa da mu, watau wuta-wuta, wadda waɗansu ke kira ƙuduji. Masu bincike a Samaru da sauran wurare sun nuna mana halinta. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya ya kan zubar da dubbai, kuma su kan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Ba su tsira sai sun ji ruwan da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Da sun tsira sai su maƙale wa saiwar, su riƙa shan abincinta. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, kafin mu ga jan furen nan a sama, ta riga ta yi makonni tana ɓarna a ƙarƙashin ƙasa. Dawa ta tsumbure, manomi yana ta zargin ƙarancin ruwa, alhali kuwa ɓarawon yana gindinta. Ta kuma fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda aka yi shekaru ana shuka mata hatsi iri ɗaya ba taki.

Misali ne dai, kada a ja shi ya wuce iyaka. Wuta-wuta tsiro ce, ba ta da laifi a gaban Allah, ba ta kuma zaɓi kome ba. Mutum kuwa yana da nufi, yana zaɓe. A nan ne asalin maganar ya ke.

Abin da ya faru a gonar Aidan

Allah ya ba Adamu da Hawwa'u dukan itatuwan gona, ya hana su guda ɗaya. Ba yunwa ce ta kai su ba. Wannan ya kamata mu tsaya a kansa, domin mu kan ce talauci ne ke sa mutum sata. Gaskiya ne talauci yana matsa mutum, kuma wanda bai taɓa kwana da yara suna kukan yunwa ba ya yi hankali da bakinsa. Amma zunubi na fari a cikin ƙoshi aka yi shi. Maciji bai tilasta wa kowa ba. Ya dai sa shakka a zuciyarsu game da alherin Allah, ya nuna musu kamar ana ɓoye musu wani abu ne. Suka duba, suka yi sha'awa, suka miƙa hannu. Itacen mai kyau ne, ido mai kyau ne, hannu mai kyau ne. Abin da ya karkace shi ne nufin mutum, da ya juya wa Mai bayarwa baya ya kama kyautar. Shi kansa Shaiɗan, ikkilisiya ta koyar tun da daɗewa cewa halitta ne da ya yi tawaye. Ba kishiyar Allah ba ne mai iko daidai da nasa.

Agustin ya ba da labarin kansa a kan wannan. Yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka shiga gonar maƙwabci da dare suka kakkaɓe 'ya'yan itace, alhali a gidansu akwai waɗanda suka fi su daɗi. Ba su ma ci na kirki ba, suka zuba wa aladu. Da ya girma ya yi ta tambayar kansa me ya kai shi. Ya ga daɗin ketare doka ne kawai, da kuma kunyar a ce shi ne matsoraci a cikin abokai. Wanda ya taɓa tsaron gonar rake a fadamun Kudan ko Makarfi ya san yaran da ke karya rake su tauna gaɓa ɗaya su yar.

Sai ku duba abin da ya biyo baya a aya 12 da 13. Allah ya tambayi Adamu, Adamu ya nuna matar, har ya ɗan shafa wa Allah laifin, tun da shi ya ba shi ita. Aka tambayi matar, ta nuna maciji. Ba wanda ya yi ƙarya ƙiri-ƙiri, amma ba wanda ya ce ni ne. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Amsoshin nan da mu kan bayar a taron ƙungiya, Allah ne, Shaiɗan ne, wani ne, tun a Aidan aka fara ba da su. Allah ya hukunta macijin, amma bai sallami mutumin da matarsa ba.

Sura 4 ta kai maganar gona. Kayinu manomi ne, Habila makiyayi. Kada kowa ya ɗauki wannan ya ce ga asalin rigimar manomi da makiyayi, wai an rubuta dole su yi gaba. Littafin bai ce saniya ta shiga gona ba, bai ce an toshe burtali ba. Ƙyashi ne ya ci Kayinu, a kan sha'anin sujada ma. Allah kuwa ya yi masa gargaɗi tun bai ɗaga hannu ba, ya nuna masa zunubi ya yi masa kwanto kamar naman daji, kuma wajibinsa ne ya rinjaye shi. Mu da mu ke manoma, ya kamata mu lura cewa a labarin nan mai fartanya ne ya zub da jini.

Halin ɗan Adam

Tun daga nan, in ji Manzo Bulus a Romawa 5:12, zunubi ya shigo ta wurin mutum ɗaya ya bazu ga kowa. A zamanin Agustin wani malami mai suna Pelajiyas, daga ƙasar Birtaniya, ya ƙi wannan. Mutum ne mai tsananin kamun kai, kuma sakacin Kiristocin birnin Roma ne ya dame shi. Ya ce kowane jariri ana haifarsa kamar Adamu kafin faɗuwa, mugun misali ne kawai ke ɓata shi, kuma idan mutum ya ƙudura zai iya kiyaye dokar Allah da ƙarfin kansa. Taron shugabannin ikkilisiya a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu, ya ƙi koyarwarsa a shekara ta 418. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun bambanta da mu a wannan wuri, gama su suna koyar da cewa Adamu ya tuba an gafarta masa, kuma ba a gadon laifinsa. Ya kamata mu san bambancin domin mu iya faɗinsa cikin ladabi idan an tambaye mu. A kan tauye mudu da cin amana kuwa, gargaɗinsu da namu duk mai zafi ne.

Me ya sa ikkilisiya ta tsaya a kan wannan? Domin abin da Ubangiji Yesu ya faɗa a Markus 7:21-23, inda ya lissafta sata da kwaɗayi da ha'inci da hassada da girman kai, ya ce daga cikin zuciya su ke fitowa. Kuma domin abin da kowane mai 'ya'ya ya gani. Ba wanda ya koya wa yaro ɗan shekara biyu ya ɓoye ƙuli-ƙuli a bayansa idan ƙanensa ya miƙo hannu. Rabawa ce a ke koya masa. Bulus da kansa, a Romawa 7, ya yi kukan cewa alherin da ya ke so ya kan gagare shi, abin da ya ƙi kuwa shi ya kan tarar yana yi. Irin yana cikin ƙasa tun kafin a ga fure. Ranar da aka danƙa wa mutum mabuɗin sito, ranar ce saiwa ta kusanci irin.

Amma wannan rabin magana ne, kuma wanda ya tsaya a nan zai zama mai zargin kowa. Mutumin nan da ya faɗi, cikin kamannin Allah aka yi shi, kuma faɗuwa ba ta shafe kamannin ba. Farawa 9:6 da Yakubu 3:9 duk sun kafa hujja da shi bayan faɗuwar. Shi ya sa mu kan ga maƙwabci, Kirista ko Musulmi ko mai bin al'adar kakanni, ya bar tasa gona ya zo gayya a gonar gwauruwa. Shi ya sa adashi ke tafiya shekara da shekaru a hannun matan da ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Mu kan ce hali zanen dutse ne. A wannan wuri bishara ta yi gardama da karin maganarmu, gama a Ezekiyel 36:26 Allah ya yi alkawarin cire zuciyar dutsen ya sa sabuwa, kuma Romawa 5 ɗin da ta ambaci Adamu ta ƙare ne da Almasihu, wanda biyayyarsa ta fi ƙarfin rashin biyayyar mutum na fari. Mai bi an gafarta masa, ana kuma sabunta shi. Sai dai aikin bai ƙare ba tukuna, tsohon iri yana nan a ƙasa har ranar da za a binne mu.

Ba kowace masifa ce hukunci ba

Yanzu sai wani ya ce, mun ji zancen sata da ha'inci, to fari fa, da tsutsa, da ciwo? Littafi Mai Tsarki ya nuna cewa halitta duka ta shiga wahala tare da mutum, Romawa 8:20-22 ta kwatanta ta da mai naƙuda. Amma bai ba mu izini mu dubi wanda masifa ta faɗa wa mu ce ga laifin da ya yi ba. Abokan Ayuba sun yi haka, Allah ya tsauta musu. Almajirai sun ga wanda aka haifa makaho suka tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya (Yahaya 9). Ya kuma ambaci mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba (Luka 13).

Muna da namu misali a ƙasar nan. A ƙarni na 19 wani malami a Kano, Malam Ibrahim, ya riƙa ɗaukaka Annabi Isa cikin karatunsa, aka kashe shi, almajiransa da a ke kira Isawa suka warwatsu. A shekara ta 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo wurin Likita Mila, watau Dr. Walter Miller na mishan ɗin CMS, a Zariya. Daga nan aka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, suka taru fiye da mutum ɗari, da majami'a da makaranta, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Yammacin Indiya, W. A. Thompson, yana lura da su. Mutane ne da suka bar gidajensu saboda bangaskiya. Ba a yi shekara goma ba ciwon barci ya shiga cikinsu, ya kashe da yawa, sauran suka tashi suka koma wajen Zariya. Da mishan ta ƙaura zuwa Wusasa a 1929, waɗanda suka tsira da 'ya'yansu suna cikin waɗanda suka riƙe ikkilisiyar can.

Wa ya yi zunubi a Gimi? Wace mayya ce ta kama su? Ƙudan tsando ne, wanda ke zama a duhuwar bakin rafi, ya ciji mai ciwo ya kai wa mai lafiya. Daga ƙarshen shekarun 1930 aka yi babban aiki a ƙasar Anchau, maƙwabtanmu ta gabas: aka sare duhuwar bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka tayar da ƙauyuka, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ba kowa ya ji daɗin tashin ba, gama da ikon hukuma aka yi shi. Amma ciwon ya ja baya, kuma ba ta wurin korar tsofaffi daga gari ba.

Haka kuma a 2016, sa'ad da tsutsar nan da a ke kira sharon ta cinye tumatir, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ce abin ya zama na ta-ɓaci a watan Mayu. Manoman Ikara ba za su manta ba. Ƙwaron asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, ya shiga Sifen a 2006, ya bi ƙasa ƙasa har ya iso mu. Bai tambayi addinin mai gona ba. Duk da haka ku lura da yadda zuciyar mutum ta kan hau kan masifa ta ƙara mata nauyi. A irin wannan lokaci ne a kan sami mai sayar da maganin feshi na jabu, da mai sayen hatsi ya ɓoye sai yunwa ta yi tsanani. Ba mu ne muka kawo tsutsa ba, amma wannan ƙarin namu ne, a kansa kuma za a tambaye mu.

Game da zargin maita, bari mu faɗa a fili. Ba mu ce ikokin duhu babu su ba, Afisawa 6 ta ambace su. Amma makaman da aka ba mu a can su ne gaskiya da adalci da bangaskiya da addu'a. Ba a ba mu izinin nuna gwauruwa da yatsa ba. Ƙungiyar da kuɗinta ya ɓace ta tafi neman mai duba, ta bar littafin ma'aji a rufe, ta ƙara shaidar zur a kan sata.

Yadda za mu gina ƙungiya

Idan mutum kamannin Allah ne, za a iya ba shi amana, ƙungiya kuwa za ta yiwu. Idan kuma mai faɗuwa ne, ba daidai ba ne a bar shi shi kaɗai da jaraba. Wannan na biyu shi ne ya fi yi mana wuya a ikkilisiya. Da an ce a duba littafi, sai wani ya tashi ya ce, ashe ba ku yarda da dattijo ba? Sai kunya ta kama kowa, a ja bakin a yi shiru. A ganinmu wannan kunya ta kashe ƙungiyoyi fiye da fari.

Ku duba yadda mutanen Allah suka yi. Cikin almajirai 12, wanda ke riƙe da jakar kuɗi shi ne ya riƙa ɗiba (Yahaya 12:6). A 2 Sarakuna 12, firistoci sun yi shekaru suna karɓar kuɗin gyaran Haikali ba a ga gyara ba, sai Yehoyada ya kawo akwati ya huda murfinsa, kuma idan ya cika, magatakardan sarki da babban firist su kan ƙirga tare. A surar nan kuma an ce ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikata ba saboda an ga amincinsu, watau amana tana da wurinta, amma bayan an gwada mutum. Bulus, manzo guda, da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauka shi kaɗai ba. Ya sa ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka kuɗin, domin abin ya zama daidai a idon mutane kamar yadda ya ke a idon Ubangiji (2 Korantiyawa 8:18-21). Idan Bulus bai ji an wulakanta shi ba, ma'ajinmu ma kada ya ji. Ma'aji mai gaskiya shi ya kamata ya fara neman a duba shi, gama lissafin da aka karanta a fili shi ne ke tsare sunansa ranar da 'yan gulma suka tashi.

Ƙungiyar gama kai da a ke ɗauka uwa ga sauran, wadda ma'aikata 28 suka kafa a garin Rochdale na Ingila a 1844, saboda algus da awon ƙarya aka kafa ta. 'Yan kasuwa suna garwaya gari da abin da ba gari ba, suna tauye sikeli. Dokokin da suka kafa sun haɗa da cikakken awo, da ƙuri'a ɗaya ga kowane mutum kome yawan jarinsa, da bayyana lissafi ga 'yan ƙungiya a kai a kai. Ba su ɗauka cewa tun da su talakawa ne da aka cuta, su ba za su cuci juna ba.

Saboda haka sito ya kasance da kwaɗo biyu, mabuɗan a hannun mutum biyu da ba 'yan gida ɗaya ba. Kada kuɗi ya kwana a ɗakin kowa idan akwai hanyar kai shi banki, kuma kada a fitar sai da sa hannun mutum biyu ko uku. A auna hatsi da mudu ɗaya, na ƙungiya, a gaban jama'a, wanda a ke karɓa da shi a kuma bayar da shi. A zazzage buhu a gani har ƙasa, na shugaba tukuna kafin na kowa. Idan ana rabon taki, a fara kiran sunayen gwauraye, domin ko a ikkilisiyar fari su aka fara mantawa wajen rabo (Ayyukan Manzanni 6). Zumuntar mata ta sami wakiliya cikin masu ƙirga. Fasto kuwa, shawararmu ita ce kada ya riƙe kuɗi ko mabuɗi, domin ranar da rigima ta tashi a sami wanda zai shiga tsakani.

Sauran magana ita ce ta mai bashi. A nan ne sanin halin mutum ya kan hana mu zalunci ta wancan gefe. Wanda ya kasa biya dabam, wanda ya ƙi biya dabam, kuma ba a gane su a ranar lissafi, sai a gona. A zaɓi mutum uku su zaga gonakin masu rance a watan Agusta, su sake zagawa kafin girbi. Za su ga inda taki ya shiga da inda bai shiga ba, za su kuma ga inda ruwa ya kwanta ko wuta-wuta ta cinye. Wanda gonarsa ta ƙi, a ɗaga masa zuwa baɗi, a taimake shi ya sa waken suya ko gyaɗa a wurin, gama su kan sa irin wuta-wuta ya tsira ya rasa abin kamawa ya mutu. Shari'ar Musa ta hana a karɓi dutsen niƙa jingina (Maimaitawar Shari'a 24:6), mu ma kada mu karɓe wa mutum garmarsa ko irin shukarsa. Wanda kuwa ya sami amfani ya ɓoye, a bi da shi yadda Matiyu 18:15-17 ta tsara: mutum ɗaya ya same shi a keɓe, in bai ji ba a koma da ɗaya ko biyu, sa'an nan a kawo gaban taro. Idan ya tuba, tubar ta zo da buhu a ka, kamar yadda Zakka ya mayar da abin da ya ƙwace. A karɓe shi da hannu biyu, kada a riƙa yi masa gori. Amma kada a mayar masa da mabuɗi a shekarar nan, domin tausayinsa.

Kafin taro na gaba, magatakarda ya rubuta a allo yawan buhunan da suka shiga sito bana, da waɗanda suka fita, da sunan wanda ya karɓi kowane. A zaɓi mutum biyu da ba sa cikin shugabanni, ɗaya namiji ɗaya mace, su shiga sito su ƙirga abin da ya rage, su kawo wa taro adadin da bakinsu.